Gawon Gonar Shatu

Daga Mukhtaru ɗan Abubakar, Nakkasa, Makka.
Shawwal, 1366.

Zuwa ga Ja'afaru ɗan Tijjani, Kwarin Maje, ƙasar Katsina.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan dangi, mu ma nan lafiya muke, sai zafin Makka wanda ba ya jin roƙo.

Ba ka san ni ba, ni ma ban taɓa ganinka ba. Alhaji Rabe na garinku, da ya zo bara, shi ya ba mu labarin rasuwar kakanka Dauda, ya kuma ce ya bar jika maɗinki mai iya rubutu. Kakata Shatu ƙanwar Dauda ce, ciki ɗaya. Wasan taubasai da iyayenmu ba su samu sun yi ba ya faɗo kanmu ke nan, sai dai yau ba wasa ya kawo ni ba.

Tsohuwa jikinta garau, bakinta ma garau, amma idanu sun gaji. Yanar ido ta rufe na hagu, na dama kuma yana bin sahu. Tun da ta ji Dauda ya rasu ba ta da magana sai ɗaya: tana so ta ga Kwarin Maje kafin idon ya rufe. Na ce to mu nemi hanya mu kai ki. Ta ce ba ta taka daga Katsina zuwa nan a ƙasa ba, ta binne miji a Sudan, don ajali ya zo ya same ta a wajen Harami. Ko Jidda ba ta yarda ta je. Tana son ganin gida, ba ta son ɗaga ƙafa, ni kuma ta sa ni a tsakiya.

Ga dabarar da na samu. Ina tuƙa mota a Jidda, a wani kamfani mai awon ƙasa. Cikin Turawansu akwai wani dattijo Ba'amurke, Amos Halet, Larabawa na ce masa Abu Risha saboda burushin da ba ya barin hannunsa. Taswira yake zana wa kamfani don ya ci abinci, amma ainihin sana'arsa zanen ƙasa ce da fenti: duwatsu, kwari, itatuwa, sararin sama. Ba ya sa mutum, ba ya sa dabba. Na tambayi malaminmu, ya ce in dai babu mai rai a ciki ba laifi. Baturen ya ce zai zana mata Kwarin Maje in an faɗa masa yadda wurin yake.

Saboda haka ka taimaka ka je gonar ubansu, ka tsaya a ciki, ka rubuto mini komai. Inda ta fara da inda ta ƙare, itatuwan da ke ciki, ta ina dutse yake, ta ina rijiya, ta ina burtali ya bi. Ka hanzarta don Allah.

Tsohuwa na gaishe ka. Wassalam.

*

Daga Ja'afaru ɗan Tijjani, Kwarin Maje.
Zulhajji, 1366.

Zuwa ga Malam Mukhtaru, a Makka.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode Allah da ya sa muka ji ku. Mu nan lafiya, an yanke gero, an gode Allah. Muna yi wa Kaka Shatu sannu, Allah ya ba ta lafiyar ido.

Na karanta takardar a zaure gaban manya, domin maganar ta fi ƙarfina ni kaɗai. Da na zo inda ka ce Bature mai awon ƙasa, sai aka ce in maimaita. Da na zo inda ka ce inda gona ta fara da inda ta ƙare, ba wanda ya ce in maimaita, kowa ya ji.

Malam Mukhtaru, mu ƙauyawa ne, amma mun taɓa ganin Bature da igiyar awo, mun kuma ga abin da ya biyo bayansa. Gonar nan Dauda ya nome ta tun yana saurayi har ya tsufa a kanta, yanzu bakuna masu yawa ke ci daga cikinta. Ba mu musun Kaka Shatu tana da gado a ciki. In rabonta take nema, a fito fili a faɗa, akwai alƙali, akwai shaidu, ba sai an biyo ta hannun Nasara ba. Mu dai ba mu taɓa jin an zana gari don mai ciwon ido ba.

Game da tambayarka, gona gona ce. Akwai itatuwa, akwai dutse, rijiya kuma tana nan inda aka haƙa ta.

Haza wassalam.

*

Daga Mukhtaru, Makka.
Safar, 1367.

Zuwa ga Ja'afaru.

Gaisuwa, tun da addini ya wajabta. Muna lafiya, in ka damu ka sani.

Wata da watanni ina zarya gidan waya, har ma'aikacin ya haddace sunana, sai ga amsarka: gona gona ce! Wallahi da kana kusa da na ɗinke ka da allurarka. Me zan yi da gona a Katsina? A Makka aka haife ni, ban san ta ina ake riƙe fartanya ba, ko gero a tsaye ban taɓa gani ba sai a buhu.

Na karanta wa tsohuwa takardarka ina tsallake wurare. Ta ce, "Maigidana, ka yi tsalle. Koma baya." Haka take kirana, ka san tsokanar kaka da jika. Na koma na karanta mata duka. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Sai ta juya fuska bango ta ce, "Ashe jikokin Dauda sun ɗauka ƙasa nika nema." Ran nan ba ta ci abinci ba.

Idon na dama ya ƙara ja baya. Yanzu da safe kaɗai take gani sosai, in rana ta take sai ta ce duniya ta zama kunu. Watannin da ka cinye mana ba za su dawo ba.

Tun da kuna tsoron Baturen, bari in gaya maka ko wane ne shi, ka karanta wa manyan naku. A wani kwari aka haife shi a ƙasarsu, mai kogi a tsakiya, ubansa na da injin niƙa a bakin ruwan. Tun yana yaro yake zana kwarin nan, har ya tafi birni ya koyo sana'ar ya dawo. Ya ce masu kuɗi sun yi yayinsa, suna saye suna ratayewa a ɗakunansu. Sai ƙasarsu ta shiga matsi, kowa ya koma neman abin da zai ci, ba mai sayen hoton tudu. Ya koma gwamnati na ba shi bangon gidajen waya yana zanawa. Ana cikin haka aka ce wani babban birni na buƙatar ruwan sha, za a datse kogin nasu. Aka tashi mutane, aka sare itatuwa, har kaburbura aka tone aka kwashe. Ya ce yana zaune bisa tudu yana zane ruwa na hawa, har ya shanye gidan ubansa. Yanzu garinsu na ƙarƙashin tafki. Matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika, shi ne ya karɓi aikin taswira ya taho nan.

Wata rana, tun kafin in rubuto maka, na kai shi hanyar Makka har wurin alamomin Harami, inda wanda ba Musulmi ba yake juyawa. Nan yake son zama. Ya kafa katakonsa na zane yana kallon duwatsun Makka daga nesa, garin da ba zai taɓa shiga ba. Ina zuba masa shayi na ba shi labarin tsohuwa, don kawai hira. Da na gama sai ya ce da gurgun Larabcinsa, "Nata garin yana nan?" Na ce yana nan. Ya ce, "To ai da sauƙi." Shi da kansa ya ce zai zana mata, ban roƙe shi ba, kuma ya ce in na yi masa maganar lada zai fasa.

Wannan shi ne ɓarawon gonarku. Tsoho ne mai tari, mai fenti a gemu.

Ya ce ka je da safe in rana ta ɗan ɗago, ka tsaya wuri ɗaya kada ka yi yawo, ka faɗi abin da idonka ya gani daga hagu zuwa dama. Ya ce ka duba launin inuwa. Na ce masa inuwa ai baƙa ce, ya dube ni kamar na zagi ubansa. Kai ma ka duba, wataƙila ta Katsina daban ce.

Ina roƙonka don Allah, don zumunci. Wassalam.

*

Daga Ja'afaru, Kwarin Maje.
Rabi'ul Ahir, 1367.

Zuwa ga taubashina Mukhtaru.

Gaisuwa da ban haƙuri. Muna lafiya, sai kunya da ta rufe mu. Na karanta takardarka a zauren nan dai, gaban mutanen nan dai, da na gama kowa ya sunkuyar da kai yana neman takalminsa. Ka durƙusa gaban Kaka Shatu a madadina ka ce ta yafe mana. Kai kuwa ba zan ba ka haƙuri da yawa ba, mutumin da bai san fartanya ba bai isa ya ɗinke ni ba.

Na je gonar da safe kamar yadda aka ce. Na tsaya bisa shurin da ke bakin burtali na fuskanci arewa. Masu zuwa kasuwa suka wuce suna tambaya ko na yi ɓatan kai ne.

Daga hagu akwai dutse. Ba dogo ba ne, kamar an kife ƙwarya, da tsaga a gefensa ta gabas inda wata 'yar ceɗiya ta fito. Launinsa toka-toka ne, amma inda rana ta bugo shi sai ya yi ja kamar tukunyar da ta sha wuta. Daga samansa akwai farin layi ya gangaro, kashin ungulu ne, kada ka faɗa wa Baturen. A gindinsa rijiya take, da bakin ice da igiya ta cinye. Kukar da ke kusa da ita ta faɗi tun ina yaro, in Kaka ta tambaya ka san yadda za ka gaya mata. Daga nan sai gona ta miƙe, ƙasa fara mai yashi, da tsofaffin kunyoyi. Can nesa rufin ɗakunan gari ne, da rimi guda ya fi kowa tsawo.

A tsakiyar gonar kuwa gawo ne. Shi ne sarkin wurin. Mutum biyu ba su rungume shi, ya buɗe rassa sama kamar laima, ganyensa ƙanana ne, cike fal, kore mai duhu da ɗan shuɗi-shuɗi. Duk filin nan ba abin da ya kai shi kore. Awaki da shanu na kwance a ƙarƙashinsa suna jiran 'ya'yansa su faɗo. An ce uban Dauda ya tarar da shi a nan.

Ka gaya wa Baturenka ya yi gaskiya. Na duba inuwar gawon da kyau, ba baƙa ba ce. Ta fi kama da zanen da aka tsamo daga marina tsomi na farko. Shekarata nawa ina wucewa ta ƙarƙashinta ban sani ba.

Allah ya sa ta iso da wuri. Wassalam.

*

Daga Mukhtaru, Jidda.
Rajab, 1367.

Zuwa ga taubashina Ja'afaru, sarkin masu tsayuwa bisa shuri.

Gaisuwa mai yawa. Tsohuwa ta yafe, ta ce ma ba ta riƙe ba, ƙarya take yi, ta riƙe. Takardarka ta sa na karanta mata har na haddace. Maganar ungulu ta sa ta yi dariya. Na gaya wa Baturen ma, ya ce farin layin nan shi ne abin da ya fi so a duk takardar.

An fara aiki, amma hankalina ba a kwance yake ba. Mutumin nan nawa gare shi ta fitar hankali. Ya ɗaure farin yadi mai kauri a jikin katako, ya shafe shi kaf da jan fenti, ya bar shi. Na ce ina garin? Ya ce wannan ƙasa ce, sai ta bushe ake gini a kanta. Ya yi kwanaki yana zaune gabansa da lofe a baki bai taɓa shi ba. Ya sa na nemo masa hoton gero a littafin wani Baturen gona, ya sa na kai shi Wadi Fatima ya ga ƙaya mai kama da gawo, ya ciro ganye ya sa a aljihu. Fentinsa da kansa yake haɗawa, har da yashi yake zubawa a ciki. Wani wurin da burushi yake bi, wani wurin da 'yar wuƙa yake ɗibar fentin ya liƙa shi da kauri.

Ni kuma na zama ɗan aike. Shi ba ya shiga Makka, ita ba ta fita, duk Alhamis in kwaso tambayoyinsa in kai Nakkasa, Asabar in kwaso amsa in dawo. Ita ba ruwanta da dutse ko rijiya, maganarta gero ce. Ta ce ya fi mutum tsawo, kore shar, ya fara fitar da kai. Ta ce hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, amma rana na haska gonar ta ƙarƙashinsa, iska na kwantar da ganye. Ta ce a sa ƙamshin ƙasa. Da na faɗa masa wannan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce zai gwada.

Yanzu ga abin da ke jikin yadin: dutsenka a hagu da farin layinsa, rijiya, hadarin tsohuwa a sama, geronta ya cika fili yana kaɗawa, gawonka a tsakiya cike da ganye da inuwarsa mai launin marina. Awakinka da shanunka kaɗai ya kora. Wallahi Ja'afaru, ni da ban taɓa zuwa ba, in na tsaya gabansa sai in kasa ɗauke ido.

Shi dai bai gamsu ba. Jiya ya kankare rabin sama ya sake. Ya kuma tsare ni da tambaya, wai ni na tabbata kai da tsohuwa maganar wata ɗaya kuke yi? Na ce ya Abu Risha, gari ɗaya ne, gona ɗaya ce, halas, zance ya ƙare, ka yi ka gama! Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba.

Dole in matsa masa. Makon jiya tsohuwa ta gaishe da tulun ruwa ta ɗauka matata Ramlatu ce. Ta mayar da abin wasa, ni ban yi dariya ba. Shi kuma tarinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ana maganar kamfani zai mayar da shi gida. Ina tsakanin idon da ke rufewa da ƙirjin da ke ƙarewa, ban san wanda zai riga wani ba.

Ku sa mu a addu'a. Wassalam.

*

Daga Ja'afaru, Kwarin Maje.
Ramadan, 1367.

Zuwa ga Mukhtaru, cikin gaggawa.

Gaisuwa, muna lafiya, ana ruwa, ana azumi. Ba zan tsawaita ba domin mai kai takarda gidan waya yana tsaye a kaina.

Mukhtaru, ka tsayar da Baturen nan! Na karanta inda ka ce gero kore da gawo cike da ganye, sai da allura ta soke ni. Wannan abu bai taɓa faruwa ba tun da Allah ya yi duniya. Gawo ba kamar sauran itatuwa yake ba. Da rani, lokacin da kowa ya bushe, shi yake ganye. Ruwan farko na sauka sai ya zubar da shi kaf, ya tsaya tsirara har a yi girbi. Shi ya sa ake barinsa a tsakiyar gona, ba ya tare wa gero rana. Yanzu haka daga ƙofar shagona ina hango shi, fari fat kamar ƙashi, gero ya kewaye shi.

Ni da rani na je na tsaya, na faɗi abin da na gani. Kaka kuwa damina take tunawa. Laifina ne da ban faɗa ba, amma wa zai yi zaton akwai Bahaushen da bai san halin gawo ba? Ko yaron da ke kiwon awaki ya sani. Na manta a Makka aka haife ka.

In ta ga wannan za ta ce ba gonarsu ba ce, gonar ƙarya ce aka haɗa mata don an ga ba ta gani. Mun riga mun ɓata mata rai sau ɗaya, kada a ƙara. Ko ya cire ganyen, ko ya cire geron. Ni dai in an bi tawa a cire ganyen.

Allah ya sa wannan ta riga burushinsa. Wassalam.

*

Daga Mukhtaru, Nakkasa, Makka.
Zulƙida, 1367.

Zuwa ga ɗan'uwana Ja'afaru.

Assalamu alaikum. Gaisuwa gare ka da iyali da manyan zaure. Muna lafiya. Garin ya fara cika da alhazai, ta hannun ɗaya daga cikin naku zan aiko wannan in an sauko.

Takardarka ba ta riga burushinsa ba, ba ta ma riga jirginsa ba. Abu Risha ya gama zanen bayan ƙaramar salla, yana yi yana hutawa, wani lokacin a zaune. Ya ce in bar shi a ɗakinsa ya bushe kafin in ɗauka. Ni na kai shi bakin teku. Ya ba ni 'yar wuƙarsa ta fenti, ya ce ba ya jin zai ƙara buƙatarta. Na tambaye shi inda zan rubuta masa, ya ce in bi ta kamfani, domin adireshinsa na gaskiya kifi ne ke zaune a ciki. Abu ɗaya ya roƙa, in sanar da shi ko ta gane wurin.

Ranar da zan ɗauko zanen zuwa Makka, ranar aka miƙo mini takardarka. Na karanta a tsaye. Mutumin nan ya tambaye ni, Ja'afaru. Shi da bai taɓa taka ƙasar Hausa ba jikinsa ya ba shi, ni Bahaushe na ce masa halas.

Na kawo zanen gida na ɓoye a bayan buhunan gawayi. Na rasa inda zan sa kaina. Har na ɗauko wuƙar na ɗora a kan ganyen zan kankare, Ramlatu ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Kai da ba ka taɓa ganin gawo da ganye ba, ina ka san yadda yake in ba ganye? Za ka ɓata aikin bawan Allah ka bar mata rami a tsakiyar gona." Na ajiye wuƙar.

Tsohuwa kuwa ba a ɓoye mata abu. Washegari da safe ta ce, "Maigidana, ina jin warin man Bature a gidan ga. Fiddo shi, idon ba ya jira."

Muka fito da ita ƙofar ɗaki inda haske ke faɗowa. Na riƙe mata zanen, ta matso da fuskarta har hancinta na kusan taɓa shi, tana bi da idon dama a hankali daga hagu. Ta ce, "Ga dutse." Ta ce, "Ga kashin ungulu, ja'irai, har yau ba su bari ba." Ta zo kan rijiya ta tsaya, na san kukar take nema, sannan ta wuce. Da ta shiga cikin geron sai hawaye ya zubo, ta goge da sauri don kada ya tare mata gani.

Sai ta iso tsakiya. Ta ɗora yatsa ta ce, "Wanga fa, mi ne ne?"

Na ce, "Gawo ne, Kaka."

Ta ja baya ta dube ni, ta koma ta dubi zanen. Ta ce, "Gawo da ganye, gero na tsaye?"

Na durƙusa na faɗa mata komai, yadda ka je da rani, yadda ita ta ba da damina, yadda na gauraya su don jahilcina. Na ce in ta so a kankare ganyen, wuƙar na nan.

Ja'afaru, dariya ta yi. Ta yi ta dariya har Ramlatu ta kawo mata ruwa. Da ta lafa sai ta ce, "Ka san abin da Dauda ke yi in muna noma? Rana ta take, gumi na zuba, ga ƙaton ice a tsakiyar gona ba inuwar da za ta rufe ko kaza. Sai ya jefa mashi hogen ƙasa ya ce, kai dai anka yi marowaci, sai ba mu buƙata kake yin ganye. Kullum sai ya faɗa. Ni in kawo mashi fura, mu zauna gindinshi rana na dukanmu, muna zagin shi tare."

Ta sake ɗora hannu a kan inuwar nan taka mai launin marina. Ta shafa ta a hankali. Sannan ta ce, "Baturen ga ya ba Dauda abin da ya roƙa. Wanda ya taɓa mani ganye ɗaya ban yafe ba."

Ta yi kwanaki tana sa a fito da ita kowace safiya tana kallo. Tun makon jiya idon ya rufe, yanzu ba ta bambance safe da rana. Ba ta yi kuka ba, mu muka yi. Ta sa an rataye zanen daidai inda hannunta ke kaiwa daga shimfiɗa. Da yake da wuƙa ya liƙa ganyen, sun yi tudu-tudu, da yatsa take nemo su.

Na rubuta wa Abu Risha cewa ta gane wurin. Ban gaya masa kuskuren ba, ban kuma san ko takardar za ta same shi da rai ba.

Saura saƙo ɗaya, ta ce ka karanta shi a zaure da ƙarfi, kada ka yi tsalle irin nawa. Jiya ta sa na kira Alhazai biyu 'yan ƙasarku suka zauna shaida. Ta ce rabonta na gonar ubanta ta bar wa jikokin Dauda, halak malak, duniya da lahira, da sharaɗin kada a sare gawon. Ta ce ƙasar taku ce, gero naku ne, ku ci lafiya. Inuwar dai tata ce, ita da wanta.

Naka har kullum,
Mukhtaru.